Bangajiya da Sifaniyanci

A lif na fara ganin tsohuwar. Lokacin muna zaune a wani dogon bene a Setapak, cikin Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digirin dakta da gwamnati ta turo shi, ni kuma na biyo shi da yara biyu, ga cikin na uku ya tsufa. Dawowata ke nan daga kasuwa, leda a dama leda a hagu, ƙafafuna sun kumbura sun fi ƙarfin silifas, gumi kamar an watsa mini ruwa. Ƙofa na shirin rufewa na hango ta tana tafe a hankali, 'yar gajeriya, furfura a ɗaure ta baya, da ɗan gicciye a wuyanta. Na sa ƙafa na tare ƙofar. Ta shigo, ta dube ni, ta dubi cikin, ta dubi ledojin, sai ta ce, "Gajiya."

Wallahi abin da kunnena ya ji ke nan. Kuma kun san bakinmu da gaisuwa, ba ya jiran a ba shi izini. Kafin in yi wani tunani na ji na ce, "Ba gajiya."

Ta yi murmushi, ni ma na yi. Sai da muka fita na ga ashe hawa ɗaya muke, ƙofarta na kallon tamu.

Ban yi wani mamaki sosai ba. Benen nan cike yake da ɗalibai 'yan Arewa, har mai kedai ɗin ƙasa, inda muke sayen burodi da madara, ya iya cewa sannu, kullum sai ya ce mini "Sannu lah, madam." Na ce a raina wani ɗan albarka ne ya koya wa tsohuwa kalma ɗaya, kuma ya zaɓa mata mai kyau. Da maigidana ya dawo na ba shi labari da zumuɗi. Ya ce, "Allah sarki," idonsa na kan kwamfuta. Na tabbata da ce masa na yi tsohuwar ta mare ni, Allah sarkin zai ce.

A hankali na san labarinta. Mutuniyar Venezuela ce, ta zo wajen 'yarta da ke aiki a wani kamfani, tana amsa wayar mutanen nahiyarsu. Ranarsu a can ita ce darenmu a nan, don haka 'yar takan wuni tana barci, tsohuwar kuma ta wuni ita kaɗai. Ba Turanci, ba Malay, sai Sifaniyanci. Ni kuma Turancina na shiga kasuwa ne da asibiti. Na sa mata suna Mama. Ita kuma tana kirana "miha", wanda daga baya aka ce mini 'yata ke nan.

Zamanmu ya tafi a kan kalmar nan ɗaya. In na yi waina ranar Juma'a na kai mata, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Gajiya." In ce, "Ba gajiya, Mama." In iska ta jefo mata tawul ƙofarmu na miƙa mata, gajiya. In na riƙe mata lif, gajiya. Ita ma tana kawo mini wata wainar masara tasu, fara, mai kauri, ta nuna ta da yatsa ta girgiza kai tana kukan alade da hanci, wato babu shi a ciki. Ranar farko dariya ta kusa kayar da ni.

Ba zan ɓoye ba, kalmar nan tana yi mini daɗi. A ƙasar nan kaf babu wanda yake tambayata gajiya da gaske. Maigidana mutumin kirki ne, amma littafin digirin nan ya cinye shi, ya fita tun safe, ya dawo da fuskar wanda malaminsa ya sake cewa a gyara babi na uku. Yara ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. Wanki ba ya bushewa, kullum la'asar sai ruwa, lif ya lalace a ranar da ka fi ɗauko kaya. Matanmu na unguwannin Taman Melati da Cheras kowa ta kanta take yi, in an haɗu a ce ina gajiya a wuce kafin ka amsa. Hajiyarmu in ta kira daga Kano, me zan ce mata? Tsohuwa mai hawan jini, ga teku tsakaninmu. Lafiya lau, Hajiya, ba gajiya, komai alhamdulillahi. Sai ga wata baƙuwa, ba dangin iya ba na baba, kullum ta dubi idona ta ce gajiya. Na riƙa cewa a raina, baiwar Allah nan ta gani.

Haihuwar ta zo da gardama, sai aiki aka yi mini. Da ma an shirya Hajiyarmu za ta zo, takardu suka ƙi fitowa. A gida da yanzu ina ɗakin Hajiya a kwance, ana dama mini kunun kanwa, ana gasa mini nama, jariri ma sai in zai sha nono za a miƙo mini shi. A nan kuwa aka sallamo ni na dawo na tarar da kwanuka a sinki suna jirana. Maigidana ya yi ƙoƙari, ya dafa taliya har sau biyu, sai kuma malaminsa ya kira shi.

Washegarin dawowata aka ƙwanƙwasa. Mama ce da tukunya a hannu, farfesun kaza, har da ledar kazar ta kawo ta nuna mini tambarin halal. Ba ta tambayi komai ba, ko ta tambaya ma wa zai ji? Ta ajiye tukunya, ta wanke hannu, ta karɓi yaron. Daga ranar kullum da hantsi sai ta shigo. Ta yi masa wanka, ta goge cibiya, ta naɗe mini ciki da wani dogon ƙyalle a hankali don kada ta taɓa ɗinkin. In na miƙa mata sabulu ko tawul ta ce gajiya, in ce ba gajiya, alhali ko tsayuwa da kyar nake yi.

Wata rana Hajiya ta kira ta bidiyo ta gan ta tana jijjiga yaron. Ta ce, "Wace ce wannan?" Na gaya mata. Hajiya ta ɗaga mata hannu, Mama ma ta ɗaga. Tsofaffi biyu suna kallon juna ta waya suna gyaɗa kai, babu mai jin wani.

Da an bi ta tawa da ba a yi taron suna ba. Amma ina! A ce matar wane ta haihu ba a ci komai ba? Maza suka yi nasu da safe a masallaci, aka kawo naman rago daga gonar da aka yanka shi, da yamma mata suka cika falo. Daga Taman Melati, daga Cheras, har daga Gombak. Aka ɗaura mini ɗankwali, aka sa mini sarƙa, aka zaunar da ni a kujera ina washe baki, ɗinki yana ja na kamar ana zare zaren buhu. Mama ta zo da 'yarta da wasu mata biyu 'yan ƙasarsu, sun yi kwalliya, har da mayafi a kafaɗa don girmama mu. Suka ɗan zauna, suka ci shinkafa, yaji ya sa su hawaye. Kafin in ankara Mama ta tuɓe mayafi ta shige kicin, sauran suka bi ta.

Da aka kusa tashi, wata babbar anti a cikinmu, matar wani malamin jami'a da ta daɗe a ƙasar, ta miƙe ta yi jawabin godiya a madadina. Ta iya magana, ba laifi. Ta yi da Hausa, ta juya da Turanci, ta ce terima kasih, wato na gode, ga wata maƙwabciyarmu 'yar Malay. Ta gode wa wadda ta kawo zoɓo. Ta gode wa wadda ta ara mana manyan tukwane, da wadda ta yi mini lalle, har da wadda ta zo daga nesa a jirgin ƙasa da goyo. Ina zaune ina jira. Mama na tsaye a bakin ƙofar kicin, hannunta jiƙe da kumfa, duk sunan da aka kira in an tafa ita ma ta tafa. Har aka shafa fatiha ba a ambace ta ba.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na buɗe baki zan yi magana, yaro ya tsala kuka, hadari ya taso, kowa ta duƙa kan waya tana kiran mota, ana ta tapau, wato ƙulla ragowar abinci a tafi da shi. Kafin magariba falo ya zama kufai, sai ƙashin nama da robobin ruwa. Ba na zargin antin nan, ba ta sani ba. Wataƙila ma ta ɗauka mai aiki muka ɗauko. Wannan ɗin ne ma ya fi ci mini rai.

Su Mama ba su tafi ba sai da suka wanke tukunya ta ƙarshe. Na raka su ƙofa ina ta "thank you, thank you." Ta san wannan, ta gyaɗa kai. Amma ai abin da nake ce wa direban bas ke nan in zan sauka.

Washegari Hajiya ta kira. Bayan ta ji yadda taro ya tashi, ta ce, "To, baiwar Allah nan fa? Kin je kin yi mata bangajiya?"

Na ce, "Hajiya, ai ba ta jin magana."

Ta ce, "Ke ce dai ba kya jin tata. Matar da ta yi miki abin da ni ya kamata in yi? Ki taka da ƙafarki har ɗakinta, ba ta waya ba, ba a bakin ƙofa ba. Ki yi mata yadda za ta san an gode."

A ranar na haɗu da 'yar a baranda tana shanya, idonta jajir don rashin barci. Ta ce mini da Turanci bizar mahaifiyarta ta ƙare, ranar Asabar da safe za ta tafi, kuma ba ta jin za ta sake dawowa, tafiyar ta yi wa tsohuwa nisa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Idan Asabar ta yi ban gaya wa matar nan komai da harshenta ba, shi ke nan, za ta koma ƙasarsu da tafin da ta yi wa wasu.

Na ɗauki waya na rubuta duk abin da ke raina da Turanci, na ce ta juya mini zuwa Sifaniyanci. Ta zubo wani dogon zance, wata budurwa a ciki ta karanto shi da gudu kamar ana bin ta. Na gwada, harshena ya ce bai san zancen ba. Na rage, na sake ragewa, har ya koma na gode da kika zo. Budurwar ta ce, "Gracias por venir." Ni kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Garasiyas for benir." Bakanuwa da harafin p, ai sai addu'a.

Na dinga bita. Ina shayarwa ina yi, ina wanke kwalbar yaro ina yi, a banɗaki ma yi nake. Maigidana ya ji ni, ya ɗago daga kwamfuta yana dariya.

"Ikon Allah. Ke da Turancin ma sai a hankali, yanzu kuma Sifaniyanci aka koma?"

Na ce, "Kai da ka iya Turancin, wa ka gode wa da shi?"

Ya mayar da kansa kan babi na uku. Daga baya dai shi ya fita ya sayo mini leda mai kyau ta saka tsaraba.

Ranar Juma'a bayan azahar, yara suna makaranta, na ɗauko turmin atamfa ɗaya cikin waɗanda na zo da su, da turaren wuta, da dambun naman suna. Na rungumi jariri na tsallaka. Mama ta buɗe. Akwatuna a buɗe a tsakar ɗaki, kaya ko'ina, 'yar tana barci a ciki. Na ajiye ledar, na dafa kujera na durƙusa kamar yadda zan yi wa Hajiya, ɗinkin ya ce mini kin yi ganganci. Na dube ta na ce, "Mama, garasiyas for benir."

Ta tsaya cak. Ta dafe ƙirji. Sai fuskarta ta washe, ta buɗe baki da ƙarfi, da alfahari, kamar ɗalibar da aka yi wa tambayar da ta sani, ta ce:

"Ba gajiya!"

Na ɗauka ban faɗa daidai ba, na maimaita a hankali. Ta kama kafaɗuna tana ɗaga ni tana dariya. "Ba gajiya, miha, ba gajiya!"

Hayaniyarmu ta tashi 'yar, ta fito tana murza ido. Na ce mata da Turancina, ban gane ba, na yi wa Mama godiya ta amsa mini da wata magana daban. Ta ce ai daidai ta amsa, ba haka kuke cewa ba komai da yarenku ba? Tun zuwanta take ba 'yan'uwanta labari a waya, wai ta koyi yaren Afirka, in ka gode wa mutum sai ya ce maka ba gajiya.

Na ce, "Tsaya. To wa ya koya mata cewa gajiya?"

Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakin uwarta ba. Ta juya ta yi mata magana, ta ce ta faɗi na gode da yarensu in ji. Mama ta dube ni ta faɗa. Ga shi nan, abin da nake ji tun ranar lif. 'Yar ta ce su mutanen bakin teku haka suke, haɗiye ƙarshen kalma suke yi, ga kuma haƙoran roba a bakin tsohuwa. Abin da budurwar waya ke ja tana cewa garasiyas, shi Mama take dunƙulewa ta jefo, kunnena kuma ya ƙarasa mata da Hausa.

Suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma tawa dariyar ba ta kai ciki ba. Wato duk watannin nan godiya kawai take yi. Na riƙe lif, na gode. Na kawo waina, na gode. Mutum ɗaya tak da nake ganin ta lura da halin da nake ciki a ƙasar nan, ashe ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Ni kaɗai na yi ta kiɗana ina rawata. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki irin na yara, na ji da ma ban zo ba.

'Yar ta share hawayen dariya ta ce to mene ne ma'anar abin da nake faɗa ɗin? Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce a wajenmu in mutum ya sha aiki, ko ya yi tafiya, ko ya zo maka biki, sai ka tambaye shi ina gajiya, shi kuma ya ce babu. Ta ce in kuma akwai fa? Na ce ko mutuwa kake yi babu za ka ce, haka ake amsawa.

Ta juya wa uwarta. Ina kallon fuskar Mama dariyar tana sauka. Ta yi wata tambaya, 'yar ta amsa. Sai ta ɗaga murya ta zubo magana mai tsawo, tana nuna ƙafafuna, tana nuna cikina, tana nuna ƙofarmu, kamar yadda Hajiya take yi in na ɓata mata rai.

Na ce, "Me ta ce?"

'Yar ta ce, "Ta ce ashe kullum ƙarya kike yi mata. Ta ce tun ranar lif ta ga ƙafafunki. Da ta san abin da kike faɗa ke nan, da tuni ta yi miki faɗa."

Mama ta matso. Ta sa tafin hannunta a kumatuna, hannun yana warin sabulun wanki. Ta gyara bakinta sosai, ta faɗe ta a hankali, wannan karon tamu ce, da alamar tambaya a ƙarshe.

"Gajiya?"

Bakina ya buɗe da kansa zai ba da amsar da ya saba. Na kama shi. Na ce da Hausa, don ba ni da ƙarfin neman wani yare, "Akwai gajiya, Mama. Wallahi na gaji. Na gaji."

Babu wanda ya fassara. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Ta zare yaron daga hannuna ta ɗora a kafaɗa, da ɗaya hannun ta ture kayan da ta ninke a kan gadonta suka zube ƙasa, ta nuna mini gadon. Na ce yara za su dawo daga makaranta, na ce ban ɗora girki ba. Ta daka mini tsawa da Sifaniyanci, na kwanta.

Ban taɓa barci irin wannan ba tun da na sauka a ƙasar. Da na farka rana ta yi sanyi, ana ruwa, na ji muryar yarana a falonsu suna cin wainar masara, jaririn yana barci a cikin akwatin da ba a gama shiryawa ba, an shimfiɗa masa atamfar da na kawo.

Da safe motar filin jirgi ta zo. Na riƙe mata lif har ta shiga da akwatunanta. Ba ta ce gajiya ba, ta dai sumbaci goshin yaron ƙofa ta rufe.

Can da rana Hajiya ta kira.

"Kin je kin yi bangajiyar?"

"Na je, Hajiya. Har ɗaki."

"To madalla, Allah ya yi miki albarka. Ya jikin? Ina gajiya?"

Ƙofarmu a buɗe take, ina hango tasu a rufe, ga kwanukan karin kumallo a sinki. Na gyara wa yaron kwanciya a kafaɗata.

Na ce, "Ba gajiya, Hajiya."